KO A FILIN GOLF NE, A ZAZZAGE BUHU

  

Yau maganar da na zo da ita na san wasu za su yi mini dariya tun kafin su gama karantawa, domin magana ce a kan wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Wani zai ce to me ya haɗa kifi da kaska, ɗan mai albasa ina shi ina wasan manya? Ka yi haƙuri ɗan uwa ka bi ni a hankali, domin abin da ya same ni a filin nan ba ni kaɗai yake samu ba, yana samun mu duka, a asibitin kuɗi, a otal, a makarantar yara, a duk inda aka sa gilashi da na'urar sanyaya ɗaki aka ce mu shigo mu biya.

Ni dai a nan Legas aka haife ni. Mahaifina albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, ana ɗoro masa ita daga Aliero da Sakkwato, kuma tun da na gama sakandare nake rumfarsa ina riƙe masa littafin lissafi. Golf kuwa a Jos na san shi. Ina yaro akan tura ni hutu gidan kawuna a can, kuma ɗansa, wanda ya girme ni da kaɗan, yana cikin yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasa jaka. A Jos ɗin nan ne filin Rayfield yake, wanda aka kafa tun 1913 zamanin Turawan haƙar kuza. Yayan nan nawa yana da wata tsohuwar sanda guda ɗaya da wani ya ba shi, da ita muke zuwa fili da yamma muna buga ƙwallayen da ya tsinto a ciyawa. Tun daga nan abin ya shiga raina. Ban ce na iya ba, amma na san yadda ake riƙe sanda, na san doka, kuma nakan ɗan buga jifa-jifa in na samu wanda zai shiga da ni wani ƙaramin fili mai rahusa.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Filin yana da ramuka 18, kowane rami da nasa wurin farawa. Za ka yi ta bugun ƙwallo da sanda har ka jefa ta cikin ramin, wanda faɗinsa bai wuce inci 4 da kwata ba, sannan ka wuce na gaba. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Doka ba ta yarda ka ɗauki sanda fiye da 14 a jaka ba. Kewayen kowane rami akwai wata lallausar ciyawa da ake aske ta ƙwal, ita ake kira girin, kuma ita ce zuciyar filin gaba ɗaya, domin a kanta ake gangara ƙwallo a hankali zuwa rami. In girin ya lalace, to wasa ya lalace. Mutum huɗu in sun tashi tare, wajen awa huɗu zuwa huɗu da rabi ya kamata su gama zagayen.

To ana nan sai wani abokina Bayarabe da muka yi sakandare tare ya ce mini za su je wani babban fili da ƙanin mahaifinsa, mutumin da ke da gidajen sayar da abinci har uku, ko zan zo in cika su huɗu? Ba zan faɗi sunan filin ba, abin da zan ce kawai shi ne yana wajen gari, kuma hotunansa in ka gani a waya sai ka rantse ba a ƙasar nan yake ba. Ciyawa shar, ruwa kwance, itatuwa a jere. Da ya gaya mini kuɗin shiga na baƙo, na haɗa da hayar sanduna da kuɗin mai ɗaukar jaka da na mota, sai na ga ya kama kuɗin buhu uku na albasa a farashin lokacin. Gabana ya faɗi. Amma sai zuciya ta ce mini ai jari ne, mutumin da ke da gidan abinci uku albasa nawa yake ci a mako? In muka yi yini guda tare muna tafiya muna hira, ai ciniki ya faɗa. Na kwashe 'yar la'adar da na daɗe ina tarawa, ban gaya wa Baba ba, na ce zan je.

Ranar Asabar tun da asuba muka kama hanya, domin an ba mu ƙarfe 7:30 a matsayin lokacin farawa. Tun daga bakin ƙofa na fara gane inda na zo. Na sa rigar da ba ta da kwala, aka ce doka ba ta yarda ba, sai na sayi tasu a shagon wurin. Wannan ban ga laifinsu ba, dokar wasan ce a filaye da yawa, ni ne ban tambaya ba. Amma ina tsaye da jaka sai wani ma'aikaci ya dube ni ya ce, aboki, masu ɗaukar jaka ta baya suke bi. Abokina ne ya ce masa ɗan wasa ne, ya biya. Mutumin bai ce yi haƙuri ba, ya dai juya ya tafi. Ni kuma na yi murmushi, irin murmushin nan da duk muka iya.

Ƙarfe 7:30 ta yi ta wuce, 8 ta wuce, 9 ta wuce. Ashe wasu manya ne suka zo da tawaga, aka yi ta shigar da su gabanmu rukuni bayan rukuni, ba wanda ya zo ya yi mana bayani. Sai wajen 10 da 'yan mintuna muka buga ƙwallon farko, rana ta riga ta ɗaga. Sandunan hayar da aka ba ni kuwa, robar mariƙinsu ta suɗe tana santsi, biyu daga ciki ma ba 'yan gida ɗaya ba ne da sauran.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da muka isa girin na farko sai na tsaya ina kallo. An bi shi an huda shi da ƙananan ramuka kamar rariya, an watsa yashi a kai. Ka buga ƙwallo a hankali ta nufi rami, sai ka ga ta yi tsalle ta kauce kamar an kira ta. Na tambayi yaron da ke ɗaukar mini jaka, ya ce ai kwana huɗu ke nan da aka yi aikin, kuma duk ramukan haka suke, sai nan da mako biyu ko uku za su warke. Na ce to an gaya wa masu biya? Ya yi dariya kawai. Ramukan yashin da ake yi a gefen girin don su zama tarko, ruwan sama ya daskarar da su sun koma kamar daɓen siminti, wasu kuma kwaɗi ne ke iyo a ciki. Rami biyu an rufe su gaba ɗaya saboda ruwa ya kwanta, aka kafa tuta a tsakiyar hanya aka ce nan ne ramin.

Ga kuma jira. Tawagar da ke gabanmu ba sauri suke ba, kowane bugu sai an ɗauki hoto, sai an amsa waya. Doka tun 2019 ta ce minti uku kacal ake ba mutum ya nemi ƙwallonsa in ta ɓata, amma su sai su share minti goma suna tona ciyawa, ba mai ce musu kanzil. A kowane rami sai mun tsaya mun jira. Na yi azahar a gindin wata bishiya da ruwan gora da na saya a kuɗin da zai sayi jarka guda a unguwarmu. Muna rami na 14, bayan sama da awa biyar, hadari ya haɗo, aka busa ƙaho aka ce kowa ya fita saboda tsawa. Shi ke nan. Ramuka huɗu suka tafi a haka, ban da biyun da aka yi mana ƙarya da su.

Gaskiya ɗaya ce, ni ma ban buga abin kirki ba a ranar. Na jefa ƙwallo uku cikin ruwa, na sari ƙasa ya fi a ƙirga. Wannan laifin hannuna ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma rashin iyawata daban, kayan da aka sayar mini daban.

Yanzu ga inda maganar take. Da muka dawo wurin karɓar baƙi don mayar da sanduna, matar da ke kan tebur ta ɗago kai ta ce, yaya wasa, kun ji daɗi? Ɗan uwa ka san abin da na ce? Na ce lafiya lau, mun gode ƙwarai. Wallahi haka na ce. Ni da nake tafasa a ciki, ni da aka yi wa asarar kuɗin buhu uku, na ce mun gode, har da ɗan rusunawa. Shi kuwa ƙanin mahaifin abokina, wanda na je dominsa, tun rami na tara ya gaji ya hau motarsa ya tafi, ko kalmar albasa ba ta fito daga bakin kowa ba.

Kwana biyu ina ɓoye abin, ran na uku Baba ya ga na yi sanyi ya tambaye ni bayan sallar isha'i. Na kwashe labari na gaya masa, ina jiran faɗa a kan kuɗin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kuɗinka ne, kai ka tara, ban da magana a kai. Amma ina tambayarka, da direba zai kawo maka buhu uku daga Aliero, ka buɗe ka ga an yi musu fuska da manya, ƙasan duk ruɓaɓɓe, za ka ce masa ka gode?" Na ce a'a Baba. Ya ce, "To me ya hana ka zazzage nasu buhun?"

Tambayar nan ta hana ni barci, domin na san amsarta. Tsoro ne. Ba tsoron duka ko zagi ba, tsoron kada a ce ɗan ƙauye ne, bai san yadda ake yi a irin wuraren nan ba. Tun da mutumin nan ya ce mini aboki ka bi ta baya, duk abin da na yi a ranar ƙoƙari ne na nuna cewa na cancanci zama a wurin. Kuma a tunanina a lokacin, wanda ya cancanta ba ya ƙorafi. Alhali kuwa akasin haka ne. Wanda ya san ya biya, ya san haƙƙinsa, shi ne ke buɗe baki.

Abin mamaki shi ne babu wanda ya kai mu iya ciniki a ƙasar nan. Ka je Mile 12 ko kara a Agege ka ga yadda ɗan uwanka ke duba haƙorin sa, yana latsa tumatir, yana zura hannu har gindin buhu. Ba mai cutarsa da ko sisi. Amma wannan mutumin dai, ka kai shi asibitin kuɗi a bar shi a benci awa huɗu, ko makarantar da yake biya wa 'ya'yansa ta ƙara kuɗi ba bayani, ko otal ya ba shi ɗakin da famfo ba ya aiki, sai ka ji ya ce ba komai, Allah ya kyauta. A kasuwa zaki, a ofis ɗan akuya.

Na san daga inda wannan hali ya samo asali, kuma ban raina shi ba. Iyayenmu sun koya mana cewa baƙo raɓa ne, ka kama bakinka ka nemi abincinka. Wanda ya ga rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, lokacin da aka rufe kasuwar, ko abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairu 2021, ya san cewa ƙaramar magana kan zama gobara, kuma mu ne kan fi asara. Saboda haka haƙuri da kawaici sun tsare rayuka da dukiya, ba na jayayya da wannan. Amma akwai bambanci tsakanin guje wa fitina a titi da yin shiru a gaban tebur ɗin da ka ajiye kuɗinka. Na farko hankali ne. Na biyu kuwa, Hausawa sun riga sun faɗa, kunyar mara kunya asara ce. Kuma duk ranar da ɗayanmu ya yi shiru, ya koya wa mai wurin cewa irinmu ba sa magana, gobe ɗan uwanka za a yi wa.

Wani zai ce, to wa ya aike ka? Wasan masu kuɗi ne, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na karɓi rabin wannan magana. Na yi wauta da na ɗauki abin da ya fi ƙarfina don in burge wani, kuma ina ba matasa irina shawara kada su yi. Amma ban yarda cewa wasan kansa haramiyar talaka ba ne. A garin St Andrews na ƙasar Sikotilan, inda aka tsayar da ramuka 18 tun 1764, tsohon filin nan da duk duniya ke girmamawa na jama'a ne, kuma ran Lahadi akan dakatar da wasa mutanen gari su shiga su sha iska. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen ɗaukar jaka ya fara yi, da sanda guda ya koyi wasa a bakin teku, ya zo ya ci babbar gasar Birtaniya a 1979 yana da shekara 22. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, a nan Legas ya ci gasar Najeriya a 1988 da 1989 lokacin ba wanda ya san shi sosai, ya zo ya zama na ɗaya a duniya a 2004, ya sauke Tiger Woods daga kan kujerar. A ƙasarmu ma da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan daga ɗaukar jaka suka taso, irin yayana na Jos. Yaron da ya ɗaukar mini jaka a ranar, da ya karɓi sanda ya nuna mini yadda zan fita daga yashi, na san nan take ya fi mu huɗun nan iyawa. Masu kuɗi katanga suka mallaka, wasan kuwa na wanda ya iya ne.

Wani kuma zai kare masu filin ya ce kula da ciyawa ba wasa ba ne. Wannan gaskiya ne. Akwai ban ruwa, akwai taki, akwai man injin aski, akwai albashin ma'aikata. Huda girin ɗin nan ma ba ɓarna ba ce, dole ne a riƙa yi lokaci-lokaci don iska da ruwa su ratsa zuwa saiwa, in ba haka ba ƙasar ta danƙare ciyawar ta mutu. Ruwan sama da tsawa kuma ba a hannunsu suke ba, fitar da mu da suka yi daidai ne, domin mai riƙe da ƙarfe a fili lokacin tsawa yana wasa da ransa. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɓoyewa. A wurare da dama na duniya in an yi irin wannan aiki ana sanarwa tun kafin ka biya, wasu su rage kuɗi, in ruwa ya katse wasa su ba ka takardar dawowa wata rana. Mu ma a kasuwa haka muke yi. In albasa ta sha ruwa a hanya Baba yakan ce wa mai saye, wannan ta jiƙa, ga farashinta daban, in za ka yi amfani da ita yau ka ɗauka. Addininmu ma ya hana ɓoye aibin kaya. To in mai rumfar kwano zai iya faɗin gaskiya, me zai hana mai gilashi? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai in an gaya masa rariya ce. Ni ƙwarya aka nuna mini a hoto.

Saboda haka ga 'yar shawarata, ba ga mai son golf kaɗai ba. Kafin ka biya, tambaya. In fili ne, ka ce yaushe aka huda girin, ramuka nawa ke buɗe, akwai gasa ko tawaga a ranar, in ruwa ya sauko yaya za a yi da kuɗina? In asibiti ne ko makaranta ko otal, ka san irin tambayoyin da suka dace. Ka karɓi rasit ka adana. In an tauye ka, kada ka ɗaga murya, kada ka yi zagi, kada ka mayar da abin na ƙabila, ka nemi shugaban wurin ka lissafa masa abin da aka yi maka alkawari da abin da ka samu, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kake lissafi a rumfa. In Turanci ne ke ba ka tsoro, tafi da ɗanka ko ƙaninka. Kuma kada tsada ta ruɗe ka, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ni dai bayan maganar Baba na zauna na rubuta musu takarda, na jera komai, har da maganar ma'aikacin bakin ƙofa, na aika. Bayan mako biyu wani ya kira ni ya ba da haƙuri, ya ce in na sake zuwa za a rage mini rabin kuɗin shiga. Kuɗina ba su dawo ba, kuma ban da niyyar komawa nan kusa, domin rabin ma ya fi ƙarfina. Amma na ji sanyi a raina fiye da yadda na zata, don ko ba komai na janye godiyar ƙaryar da na yi.

Maganar ciniki kuwa, daga baya na cire kunya na tambayi abokina kai tsaye yadda ƙanin mahaifinsa ke sayen albasa. Ya ce mutumin ba ruwansa da wanda ya yi wasa da shi, abin da yake so kawai a kai masa kaya kafin ƙarfe shida na safe, kuma a karɓi duk wadda ta lalace a musanya. Yanzu haka muna gwaji da buhu biyar a mako. Ranar farko da mai dafa abincinsa ya zo rumfa, bai ko zauna ba ya ce a zazzage masa buhu a ƙasa ya gani. Baba ya dube ni, na dube shi, na ɗauko wuƙa na farke bakin buhun da kaina.

Allah ya ba mu halal, ya raba mu da kunyar da ba ta da amfani, ya tsare mu a inda muke. Wanda irin haka ta taɓa samunsa, ina so in ji yadda ya yi.

Wassalam.

Naku, ɗan mai albasa, daga Legas.